KU TAMBAYI MAI NA'URA: Ordinatar jikka biyar da ake liƙa ma tele

Salamu alaikum masu karatu, da fatan kuna lahiya. Makon ga kusan rabin saƙonnin da sunka shigo mani kan abu guda ne, wannan ƴar na'urar mai kilabiye da ake saidawa cikin kwali mai hoton yaro shina murmushi gaban tele, wadda masu tebur ke ce ma ordinatar yara. Kamar wani ya sauke kwantena guda cikin gari, daga unguwar Zariya ta nan Maradi har garin Tibiri tambayar ke zuwa. Na tsinci shida na haɗa. Masu tambayar batirin sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa, unguwar Zariya: Malam barka da aiki. Na saya ma ɗiyana wata ordinata a kasuwa jikka biyar, mai ita ya ce har Windows gare ta, da munka haɗa da tele lalle ga hoton Windows ya hito har da ƴar kibiya tana yawo, amma ƙanena da ke jami'a ya zo ya duba ya yi ta dariya wai gem ce anka sa ma riga. Dan Allah cutata anka yi ko mi?

AMSA: Alhaji ƙanenka ya faɗi gaskiya, dariyar ce dai ta yi yawa. Wannan Windows da ka gani zane ne kawai, kamar yadda ake zana tambarin Mercedes a bayan amalanke. Abin da ke cikin kwalin kwafi ne na wata na'urar wasa ta kamfanin Nintendo na Japan da ta hito a watan Yulin 1983, sunanta Famicom, ita ce wadda anka kai Amurka a 1985 da sunan NES. Duk wanda ya taɓa biyan dala biyar a shagon unguwa don ya buga Mario ko wasan tankar yaƙi ya san ta ko bai san sunanta ba, ni kam kuɗɗin kalacina da yawa can sunka ƙare.

Amma ga abin da ƙanen naka bai faɗa maka ba. Sunan Famicom ɗin kanshi ma'anarshi kwamfutar iyali, kuma tun 1984 Nintendo da kamfanonin Hudson Soft da Sharp sunka hiddo mata kilabiye da kasat mai suna Family BASIC don mutum ya zamna gida ya rubuta nashi shirin. Kenan sa mata kilabiye ba ƙirƙirar Shinuwa ba ce, sun dai tarar da hanya sunka bi. Masana'antun Taiwan sunka fara kwafar ƙwaƙwalwarta, ta bazu duniya da sunaye barkatai, a Rasha Dendy daga 1992, a Polan Pegasus. A ƙasar Sin kuma wani kamfani mai suna Subor da ke garin Zhongshan ya gano wata dabara a shekarun 1990: uba ba ya son saya ma ɗa abin wasa amma in ka ce mashi na'urar koyon karatu ce sai ya zaro kuɗɗi, sai sunka sa mata kilabiye sunka ɗauko Jackie Chan ya yi masu talla. Alhaji kar ka ji haushi, tarkon da ya kama ka ya kama iyaye da yawa kafin kai, shekara talatin kenan ana ɗana shi.

Ƙarfinta kuwa, ƙwaƙwalwar dangin 6502 ce ta 1975, dangi ɗaya da wadda ke cikin Apple II ta 1977 da Commodore 64 ta 1982, waɗanda a zamaninsu kwamfutoci ne na gaske da ake lissafin kasuwa da su. Gudunta bai kai megahaz 2 ba. Wurin tunaninta, RAM kenan, kilobayit 2 ne, harafi 2048, kamar ka haɗa saƙon SMS goma sha biyu da ɗan ƙari. Salular da ke aljihunka in mai giga 2 ce ta ninka ta sau miliyan. Kuma duk da haka Super Mario na 1985 gaba ɗayanshi da kiɗa da hotuna kilobayit 40 ne, hoto guda da ka tura a WhatsApp ya fi shi nauyi.

To an cuce ka? In ya ce maka tana shiga intanet ko za a buga takardar ofis da ita, e an cuce ka. In ba haka ba ka kunna ta ka duba jerin abubuwan da ke ciki, ka nemi inda anka rubuta BASIC, wato harshen da ake rubuta shirin ordinata da shi, wani lokaci F-BASIC ko G-BASIC. In akwai shi to jikkarka biyar ba ta faɗi ba, don wannan shi ne ɗaki guda a gidan da yaro zai ba na'ura umurni ta bi. In babu, ka maida mashi kayanshi ka ce ya canza maka. A 2008 ma wani Ba'amurke Derek Lomas ya ci karo da irinta a kasuwar Indiya wajen dalar Amurka 12, shi da abokanshi sunka kafa wani shiri Playpower don a yi ma yara wasannin koyo a kanta, saboda wannan dalilin dai.

TAMBAYA, daga wani ɗan lise, Bagalam: Yaya ni wallahi na kusa kuka. Na kwana biyu ina koyon BASIC ɗin, jiya na rubuta layi kusan arba'in kuran ya tahi, da ya dawo babu komi. Ina ake ajewa? Kuma in na ce ta raba 7 da 2 sai ta ce 3, ko lalatatta ce?

AMSA: Ƙanena sannu, duk wanda ya taɓa na'urar nan ya sha wannan ɗacin, barka da shigowa ƙungiya. RAM ba ta riƙe komi in babu wuta, kamar rubutu ne a kan rairayi. Ta asali ta Japan an sa ma kasat ɗin batir don ya riƙe shirin, kuma akwai rakoda da ake haɗawa a zuba shirin cikin kasat ɗin rediyo, irin wanda iyayenmu ke sauraren wa'azi da shi, ya shiga a matsayin ƙara mai tsiwa sannan a maido shi in ana so. Wasu tsoffin na Sin masu tsada har da wurin disket. Su waɗannan na jikka biyar an yanke duk wannan don a rage kuɗɗi, za ka iya buga SAVE ɗin amma babu inda zai tahi.

Magani na farko kaye da bik. Da gaske nike. Ka fara rubuta shirin a takarda kafin ka taɓa kilabiye, in ka gyara layi a tele ka gyara a kaye, in kana gaggawa ka buga LIST ka ɗauki hoton allon da salula. Na biyu, ka lura shirin cikin na'urar shike, tele madubi ce kawai, don haka in na'urar ce kaɗai ke kan batir ko kuran ya tahi tele ta mutu aikinka na nan shina jiranka. In taka irin sabbin nan ce mai shan 5V ta igiyar USB, fawa bank na salula ya wadatar.

Batun 7 da 2 kuwa lahiyarta lau. Irin wannan BASIC ɗin cikakkun lambobi kawai ya sani, ba ya san rabi ba, sai ya yar da saura. Kuma iyakarshi 32767. Gwada wannan ka gani:

10 INPUT "JIKKA NAWA";J
20 PRINT J*200;" DALA"
30 GOTO 10

Ka buga RUN. Ka sa 5 ta ce maka dala 1000, tunda jikka guda dala 200 ce. Ka sa 163 ta ba ka 32600. Ka sa 164 sai ta tsaya ta yi maka ƙorafi don 32800 ya wuce abin da za ta iya ɗauka. Dalili shi ne kowace lamba ana aje ta cikin gurbi 16 na e ko a'a, guda ɗaya an ba alamar ragi, saura 15, in ka ninka 2 da kanta sau 15 ka samu 32768, ka cire ɗaya na sifiri. Yaron da ya gane wannan da hannunshi ya riga ya fahimci abin da wasu ke haddacewa a shekarar farko ta jami'a ba su san mi ake nufi ba. Abin da nike so da na'urar kenan, ƙarama ce har kana iya taɓa bangonta ta kowane gefe. Aikin gida: ka nemo yadda za ka hiddo sauran rabon 7 da 2 da kanka, ka turo mani.

Kuma ka riƙa tsimin haruffa, a Family BASIC na farko wurin shiri bai cika bayit 2000 ba, sai na uku na 1985 ya kai wajen 4000. Layinka arba'in ɗin in dogaye ne ka kusa cika ta dama.

TAMBAYA, daga mai gyaran rediyo da tele, Tibiri: Salamu alaikum abokin aiki. An kawo mani guda ukku. Ɗaya hoto na hita amma fari da baƙi, ɗaya ba ta tashi sam mai ita ya ce ya sa mata adaftar wata rediyo, ta ukku hoton na wargajewa kamar tabarma. Da na buɗe ban ga IC ba sai wani baƙin ɗigo kamar kwalta. Mi za a yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, kai ne ka kawo tambayar da ta fi mani daɗi. Baƙin ɗigon nan shi ne dukan na'urar. Tsoffin kwafi suna da IC, wato ƙwayar lantarki mai ƙafafu, guda biyu manya masu ƙafa 40, ɗaya ta lissafi da sauti ɗaya ta hoto, da yawa na kamfanin UMC na Taiwan, ana iya cirewa a canza. Daga baya anka matse komi cikin ƙwaya guda anka manna ta kan faranti anka zuba mata baƙin gam. In ita ta ƙone babu gyara, ka cire soket da maɓallai da igiyoyi ka aje don gaba.

Mai fari da baƙi tukuna. Ka san mu nan Nijar tsohon tsarin tele namu SECAM ne irin na Faransa, Najeriya kuma PAL, Japan da Amurka NTSC. Waɗannan na'urori PAL ko NTSC suke hiddawa, to in an haɗa da tsohuwar tele da ba ta san tsarin ba hoto zai zo launi ba zai zo ba. Kafin ka kama ƙarfen dalma ka shiga menu na telen ka maida tsarin launi kan AUTO ko ka zaɓa da hannu. In kana son sanin wace iri ce a hannunka ka duba kiristal ɗin da ke kan farantin, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu: in an rubuta 26.60 PAL ce, in 21.47 NTSC ce. Wani lokacin kuma kiristal ɗin ne da kanshi ya gaji ko dalmarshi ta saki, launi shi ke fara ɓacewa.

Wadda ba ta tashi, ina zargin an juya mata wuta. Famicom da mafi yawan kwafinta masu ramin adafta suna son DC wajen 9V kuma tsakiyar bakin shi ne ragi, alhali galibin adaftocin da ke yawo a gidajenmu tsakiyarsu tarawa ce. Wasu adaftocin ma AC suke hiddawa, wannan ya fi muni. Ka nemi 7805, ɗan abin nan mai ƙafa ukku da ke rage wuta zuwa 5V, kusa da shigar wuta, ka auna, shiga ya kamata ya wuce 7V hita kuma 5V cif. In shiga akwai hita babu ka canza shi tare da kwandansan da ke gefenshi, sau da yawa shi ke mutuwa ya ceci ɗigon. In ka canza 5V ta dawo amma ɗigon na zafi yana ƙona yatsa, ka yi ma mai ita ta'aziyya. Kuma kar ka yarda a ɗora ta kai tsaye kan batirin sola na 12V a bar ta, 7805 ɗin zai maida rarar zafi, ga zafin watan Afrilu namu da ke wuce 40, ga kwalin roba ba iska.

Ta ukku ƙura ce, kusan in rantse. Kasat ɗin ƙafa 60 gare shi, guda ta rasa taɓawa hoto ya zama tabarma. Auduga da alkol a goge bakin kasat da cikin soket a bari ya bushe. Ka hana yara hura mashi iska da baki, yawun ke sa tsatsa. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle.

TAMBAYA, daga wani yaro ɗan shekara 12, Sabon Gari, ta salular mamanshi: Baba an rubuta gem 999999 amma ni guda kaɗan nike gani suna ta maimaituwa. Kuma bindigar harbin agwagwa ba ta kashe komi.

AMSA: Ɗana idonka ya fi na manya da yawa. Ƴan wasanni ne ƙalilan anka yi ta canza masu suna da launi da matakin farawa don jerin ya yi tsawo. Bindigar kuma lahiyarta lau, telenku ce sabuwa. Cikin bakin bindigar akwai ɗan ido mai ganin haske, in ka danna allon na yin baƙi na ƙibtawar ido sannan a sa farin akwati inda agwagwar take, in idon ya ga farin a daidai wannan lokacin an ce ka samu. Tele mai faɗi tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto, kafin farin ya hito na'urar ta riga ta ce ka kuskure. Ka kai ta gidan kaka inda akwai tsohuwar tele mai ƙugu, ka ga aiki.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare, Ali Dan Sofo: Malam ina wuni. Ina tunanin sayen guda biyu in aje a gida ina koya ma ƴan matan unguwa buga rubutu da yamma, tunda ordinata ta gaske ta fi ƙarfina. Shawara nike nema.

AMSA: Madam Allah shi saka da alheri, amma ki tsaya ki ji kafin ki kashe kuɗɗinki. Kilabiyen da ke kan mafi yawansu tsarin Ingilishi ne, layin sama ya fara da QWERTY, mu kuma ofisoshinmu da wuraren buga takardu tsarin Faransa ake amfani da shi, AZERTY. A da Q sun yi musaya, Z da W sun yi musaya, M ta bar wurinta, lambobi ma sai an danne wani maɓalli. Yarinyar da yatsunta sunka haddace wancan in ta zamna gaban wannan sai ta yi ta tuntuɓe, kuma kwance abin da hannu ya saba ya fi koya mashi sabo wuya. Ga shi babu é babu è babu ç, balle namu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don haruffan zane ne da anka ƙone cikin kasat ba a ƙara masu. Darussan da ke ciki kuma da Ingilishi suke, wasu ma da rubutun Shinuwa. Maɓallan roba ce mai laushi, wasu sai an danna da ƙarfi.

In buga rubutu ne kawai burinki, tsohon kilabiyen AZERTY na USB da ƴar igiyar OTG a liƙa ma salular Android ya fi maki, har ki aje abin da sunka rubuta. Amma in kina son su ɗanɗana yadda ake sa na'ura aiki, to nan kam ki sayi guda. Ki ba su shirin jikka da dala na sama, gobe su canza shi ya lissafa ribar ƙuli-ƙuli ko kuɗɗin adashe, ki ga yadda za su yi ta gardama kan layin da ya ɓata. Mutum huɗu na iya zama gaban tele guda, ɗaya na bugawa ukku na duba kaye.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Yaya ni sha'awa ce kawai, ina da laftof amma wannan tsohuwar fasahar ke burge ni. Zan iya yin gem nawa na kaina ya yi aiki a kanta?

AMSA: Ƙwarai kuwa, kuma ba kai kaɗai ba ne, har yau akwai masu sha'awa a duniya da ke hiddo sabbin wasanni na wannan na'ura duk da Nintendo ta daina ƙera ta tun 2003. Tunda kana da laftof ka fara da manhajar da ke kwaikwayon na'urar, FCEUX ko Mesen, kyauta ne kuma suna nuna maka abin da ke cikin RAM gurbi gurbi lokacin da wasa ke gudana. Sannan ka sauke cc65, da shi za ka rubuta da harshen C ko da harshen ƙwaƙwalwar 6502 kai tsaye, umurninta na asali 56 ne kacal, cikin hutu guda ka san su.

Dokokin gidan ne za ka saba da su. Allo ɗigo 256 a kwance 240 a tsaye. Komi ana gina shi da ƴan tubala masu ɗigo 8 da 8. Abubuwa masu motsi 64 ne iyaka kuma 8 kawai ke iya jeruwa kan layi guda, shi ya sa a tsoffin wasanni in abokan gaba sun yi yawa sai ka ga suna ƙibtawa. Murya biyar ce ta sauti. Sa wasan kan na'urar gaske shi ne mai tsada, akwai kasat mai cin katin memori irin EverDrive amma kuɗɗinshi ya ninka na na'urar sau da yawa kuma ba kowace kwafi ke karɓarshi ba, kuma ka kula da ƙafa, namu 60 ne na Amurka 72. Ɗaya hanyar ita ce a samu tsohon kasat mai IC na gaske a cire a sa EPROM, wato IC ta ajiya da ka ƙona wasanka a ciki, nan sai ka nemi irin abokinmu na Tibiri.

Shawarata kar ka fara da kwaikwayon Mario, na masu shi ne kuma ya fi ƙarfin mai farawa. Ka yi dara. Gurbi 30 ne, biyar sau shida, kowa da ƴaƴa 12, allon gaba ɗaya bayit 30 ya ɗauke shi, babu gudu babu tsalle, ko da BASIC ɗin ana iya zana shi da LOCATE da PRINT. Wuyar tana wurin koya ma na'ura ta gane an jera ukku ta bari a ci, ta kuma hana jera huɗu. In ka kai nan ka zo da ita, akwai wani tsoho a bakin layinmu da ya ce shekara ashirin ba a cinye shi ba, sai mu zaunar da shi gaban tele mu miƙa mashi manet.